Agogon Kawu a Ƙwaryar Nono

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, a makon da muka gama jarrabawar ƙarshen shekara. Ya duba takardun lissafi na 'yan aji biyar, ya rufe jan bironsa, ya ce wa Inna matarsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ta ɗumama masa ruwa. Kafin ta dawo da kofin, Mai abu ya karɓi abinsa.

Na je zaman makoki da yawa a Birnin Gwari, don shekarun nan ba su bar mu mun huta ba, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutane sun zo ta'aziyya sun ɓige da alfahari. Muna cikin gida muna jiyo maza ta tagar zaure. Wani direban babbar mota yana cewa, "Ni fa sau tara Malam ya sa na sake rubuta shafi ɗaya, wai harufana sun watse kamar awaki sun ga ruwan sama." Wani mai shagon magani ya ce ai wannan wasa ne, shi wata guda ana tsayar da shi gaban taro da safe yana kawo jadawalin sau bakwai daga ƙasa zuwa sama. Sai Yaya, babban ɗan Kawu da ya zo daga Kaduna, ya ce, "Duk ku yi shiru. Ni ɗan cikinsa ne, shekara biyu ya zaunar da ni a aji huɗu, ƙanena ya zo ya wuce ni ina kallo." Aka kwashe da dariya har liman ya yi gyaran murya. Da dariyar ta lafa sai muka ji Yaya yana shessheƙa.

A cikin gida ma haka. Wata ungozoma da ke aiki a asibiti ta riƙe hannun Inna tana cewa har yau ba ta iya barin rubutu a karkace, sai ta ji kamar yana tsaye a bayanta. Inna dai carbi take ja, tana cewa, "Ku yafe masa, don Allah ku yafe masa." Matar ta ce, "Haba Inna, me za mu yafe? Mu ne ya kamata ya yafe wa."

Ranar sadakar uku ta faɗo ranar kasuwa. Wajen azahar sai ga Dada ta yi sallama, ƙwarya a ka, zanenta jiƙe da ruwa har gwiwa. Dada tsohuwar Bafulatana ce da ta fi shekara talatin tana kawo nono gidan Kawu. Wasu mata suka kau da kai. Ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa gaban Inna ta yi kukanta ta share. Sannan ta ɗaga faifai, ta ciro ambulan a cikin leda, da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ta ce, "A hanya na ji. Aikin yarinya ne na kawo, na lissafi. To yanzu wa zai duba?"

Duk matan suka juyo suna kallona. Sun san a hannuna Kawu ya bar makarantar. Sun kuma san duk garin nan ba wanda ya kai ni faɗa da shi a kan wannan yarinya. Zan faɗi yadda aka yi ko da ba ni ce ta ƙwarai a labarin ba, don ba na son a manta da shi, kuma wanda bai san maganar nan ba bai san Kawu ba.

Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, shi ya koya mini riƙon alli, shi ya aurar da ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". In na ji ya ce "Malama" kuwa, na san na yi wani abu. Ya yi koyarwa a makarantun gwamnati har ya yi ritaya, mutane suka ce ya huta ya kula da gonarsa. Sai wata rana maƙwabciyarmu ta kawo masa wasiƙa ya karanta mata, ga ɗanta nan tsaye mai takardar shaidar gama firamare, ya kasa. Kawu ya dawo cikin gida bai ci abinci ba. Ya ce shi ba zai shiga kabari da wannan abin kunya ba. A satin ya kwashe buhunan masara daga ɗakuna biyu na gefen zaure, ya shafa wa bango baƙin fenti, makaranta ta tashi a nan unguwar Magajin Gari.

Ba wani abin mamaki yake koyarwa ba. Karatu, rubutu, lissafi, Turanci, Hausa, kimiyya, tarihi, labarin ƙasa. Amma koyarwa ce fa, ba wasa ba. Kullum da safe lissafin ka, yaro na tsaye, ba alli ba yatsa. Ranar Laraba shifta. Ranar Juma'a insha'i, shafi guda cur, kuma sai ya karanta kowane layi da kansa. Wanda bai ci jarrabawa ba ya maimaita aji, ko ɗan waye. In uba ya zo roƙo, sai Kawu ya sa a kawo masa ruwa, ya saurare shi har ya gaji, sannan ya zaro biron daga aljihun gaba ya nuna masa, ya ce, "Alhaji, jan biro ba shi da dangi."

Da makarantun kuɗi suka yawaita, kowa ya kafa allo mai hoton duniya ya rubuta Intanashinal, Yaya ya zo ya ce mu ma mu ƙara a namu, don iyaye sun fi son haka. Kawu ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ɗalibina mafi nisa daga Kutemeshi yake zuwa. In an samu na Masar ka zo mu sake magana." Bai raina waɗancan makarantu ba, yana ma aika mu mu ga yadda suke koyar da kimiyya. Ya dai ce abin da za a rubuta a ƙofa, a fara tabbatar yana cikin ɗaki. Allon namu har yau suna ne kawai, shi ma ruwa ya cinye rabinsa.

Abin da aka fi saninsa da shi zaman benci ne. A makarantar Kawu yaro ba ya zaɓar wurin zama, jarrabawa ke zaunar da shi. Ranar ba da sakamako iyaye na taruwa a gindin mangwaro, ya tsaya ya karanto sunaye daga na ƙarshe har zuwa na ɗaya. Wanda ya zo na ɗaya shi ke da bencin gaba, gefen taga, na biyu kusa da shi, haka har bango. Wurin naka ne sai zango ya ƙare an sake gwadawa. Wasu na cewa tsohon yayi ne, yana karya wa yara zuciya. Amma na ga yadda yake yi da 'yan bencin baya, su yake tsarewa bayan an tashi, ya zauna a tsakaninsu da gyaɗa a aljihu har sai abin ya shiga. Yana cewa, "Benci ba gado ba ne. Na baya zai iya zuwa gaba, na gaba kuma kada ya yi barci."

Jikar Dada ta zo mana tana shekara bakwai, siririya, Hausarta ma ba ta zauna ba. Daga rugarsu take tahowa da ƙafa tare da kakarta. A bencin baya ta fara. Kafin ta gama aji uku ta kai gefen taga, kuma tun daga nan ba wanda ya ɗaga ta. Mai zuwa ta biyu kullum 'yata ce ta fari. Tazarar ba ta wuce maki uku ko huɗu, wani zangon ɗaya tak. Suna faɗa suna shiri, su raba rogo ɗaya a lokacin tara, su fito daga jarrabawa kowace ta ƙi kallon 'yar'uwarta. A lokacin abin dariya yake ba ni.

Sai daji ya rikice. Ba sai na ba mutumin Birnin Gwari labari ba, kowa ya san nasa. Nawa shi ne, maigidana ya tafi gonarsa ta hanyar Kazage da safe, damina ta kusa ƙarewa, 'yan bindiga suka same shi a tsakiyar dawa. Da la'asar aka kawo mini shi a bayan mota. A makon ne kuma suka kore shanun mahaifin yarinyar, suka bar musu 'yan maruƙa. Gari ya ɗauki zafi, duk Bafulatanin da aka gani sai a bi shi da ido, wani lokacin da abin da ya fi ido. Rugarsu ta tashi ta ƙara nisa. Yarinya ba ta da hanyar zuwa makaranta, a daji tsoro, a gari tsoro. Tsofaffin mata ne kawai irin su Dada ke iya shigowa ranar kasuwa, su ma a ɗarare.

Na gama takaba na koma aiki, zuciyata kamar garwashi. Ina shiga aji biyar na ga bencin gaba. 'Yata na zaune a wurinta na biyu, gefen taga kuma ba kowa, an share shi tas. Kawu ya shigo da rajista ya kira sunan yarinyar, ya yi jim kamar mai jiran amsa, sannan ya wuce suna na gaba. Yara suka ce kullum haka yake yi.

Wallahi ban san lokacin da na isa ofishinsa ba. Ban yi sallama ba, ban durƙusa ba, ni da ban taɓa yi masa magana a tsaye ba. Na ce, "Kawu, mijina na kabari, kai kana ajiye wa 'yar mutanen daji wuri? Marainiya na zaune a gefe tana kallon katako?"

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Uwata, zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Yarinyar nan ita ta kashe mijinki?"

Na ce, "Danginta ne."

Ya ce, "Kin gan su? Waɗanda suka harbe mijinki su suka kore shanun ubanta, kin sani na sani. Amma bar wannan ma. Ko da ubanta ne ya ɗauki bindigar, ita ba ta ɗauka ba. Biro ta ɗauka ta ci wurin nan da shi. Mai son wurin ya zo da nasa biron."

Na ce, "Ashe takarda ta fi jini a wurinka." Na fita na buga masa ƙofa. Wata guda ban gaishe shi ba, mutumin da ya goya ni. Ina wucewa ta gabansa kamar ban ga kowa ba, shi kuwa kullum sai ya ce, "Uwata, an tashi lafiya? Ya yaran?" Yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ba ni kaɗai ba ce. Iyaye suka yi gayya suka zo, wani mai sayar da hatsi a gaba, suka ce ko a soke sunan daga rajista ko su kwashe 'ya'yansu. Kawu ya ce su yi haƙuri, ƙofar da suka shigo ta cikinta tana nan a buɗe, kuma duk ranar da suka dawo benci na jiransu. Wasu suka kwashe ɗin. Ajujuwa suka yi sako-sako, malamai biyu suka tafi. Tsohon nan ya ɗauki darasinsu ya haɗa da nasa, ƙafarsa na kumbura.

Ni kuma na koma ta kan 'yata. Na ce gobe ta matsa ta zauna gefen taga, in ga wanda zai ɗaga ta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Ta ce, "Mama, in na zauna haka kawai, cewa za a yi don Baba ya mutu aka ba ni." Na ɗaga hannu kamar zan make ta, hannun ya ƙi sauka. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Ashe duk wannan lokacin Kawu bai tsaya ga ajiye wuri ba. Duk darasin da aka yi a mako, sai ya zauna bayan azahar ya kwafe shi da hannunsa a littafi, da misalai, da aikin gida. Ranar kasuwa Dada ta sa littafin ƙarƙashin faifai ta tafi da shi, ta dawo da na makon jiya. Littattafan na dawowa da ƙanshin hayaƙi, wani shafin da ɗigon man shanu, amma aiki a cike. Bayan la'asar kuma ya kira 'yata ya zaunar da ita a kan tabarma yana ta ba ta lissafi har sai ta ce wayyo. Yana koya wa wannan yadda za ta ƙwace wurin, yana koya wa waccan yadda za ta riƙe shi. Na tambayi Inna wai shi ɓangaren wa yake. Ta ce, "Ke ma kin san kawunki."

Da jarrabawa ta zo, sai ya ɗauko agogon teburinsa, irin na da mai ƙararrawa a ka, wanda ake murɗawa ta baya. Ya ɗiga masa jan fenti a fuska. Ya koya wa Dada: ta murɗa hannun agogo ya hau kan jan ɗigon, sannan ta yage ambulan ta ba yarinya takarda. Da ya yi ƙara, ta karɓe. Tsohuwar da ba ta san alif ba, ita ce mai tsaron jarrabawa. Na yi tsaki na ce wa ya san mai rubuta mata a can. Kawu ya ce, "A rugar nan wa ya iya raba lamba in ba ita ba? Ko maruƙan?" A zangon nan yarinyar ta sake zuwa ta ɗaya, ni kuwa na ce ban yarda ba.

Bayan kwana biyu ya kira ni ofis, ya miƙo mini takardar insha'inta. Rubutu ne mai kyau, a kan yadda ake kafa bukka. A layin ƙarshe jimla ta tsaya a tsakiyar kalma, daga nan biro ya ja dogon layi har bakin takarda. Ranar kasuwa na tare Dada na tambaye ta. Ta ce, "Ƙarfen ya yi kuka, na fizge. Tana ta roƙona, Dada saura kaɗan, Dada saura kaɗan. Na ce Malam bai ce mini saura kaɗan ba." Ta faɗa tana hararata, wai ko an ce ta yi ba daidai ba. Kai! Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ta farko tun rasuwar maigidana. Da yamma na je na durƙusa gaban Kawu na ce ya yafe mini. Ya ce, "Me kika yi? Tashi ki duba mini shiftar aji uku, idona ya gaji."

Kada a ɗauka daga ranar zuciyata ta wanke tas. Na yarda ba a satar mata amsa, amma ina uwa. Kullum na shiga ajin na ga 'yata a gefen wurin da ba kowa, sai in kau da kai. Na san yadda take tashi da asuba tana bitar lissafi, na san ta yi wa kanta alkawarin wannan shekarar sai ta kai wa kabarin ubanta labari. Ina so ta ci. Ina so ƙwarai.

To ga mu a ranar sadakar uku, ga ambulan a hannun Dada. Kawu ya riga ya duba takardun kowa, ya haɗa jimla da hannunsa, saura lissafin jikarta kaɗai. Kafin in buɗe baki wata daga cikin matan ta ce, "Ai mai abin ya tafi, a bar maganar nan haka. A ba marainiya wurinta, ta sha wahala." Wasu suka ce gaskiya ne. Inna ta ajiye carbinta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da jan biron, ta ɗora mini a cinya, ta koma ta ɗauki carbinta. Na karɓi ambulan. Na ce wa Dada ta riƙe agogon tukuna.

Washegari da hantsi na shiga ofishinsa. Hularsa na rataye a ƙusa, kujerar ta lotsa daidai zamansa, ban iya zama a kai ba, na jawo benci. Ga takardar rabon maki da ya rubuta: tambaya ta ƙarshe, hanya maki uku, amsa maki biyu. Haka yake yi tun da, yana cewa yaron da ya bi hanya daidai ba a tura shi gida hannu wofi. Na duba tambayoyi tara, na haɗa da sauran darussa. Kafin tambaya ta goma, 'yata na gaba da maki biyu.

Na buɗe shafin ƙarshe. Dada ta sake fizgewa. Yarinyar ta bi rabawar tun daga sama, layi bayan layi, ba ta kai ga rubuta amsa ba. Maki biyu sun tafi, wannan ba gardama. Saura uku na hanya. Kuma layin da biro ya ja ya bi ta kan lambar ƙarshe ya rufe ta. In bakwai ce, hanya ta cika, ta ɗara 'yata da maki ɗaya. In na ce ba ta karantuwa, na rage ɗaya, sun yi kunnen doki, kuma a dokar Kawu in aka yi haka wanda ya fi yawan zuwa aji shi ke gaba. Ba wanda zai ce na yi zalunci. Ba ma wanda zai gani, daga ni sai Allah.

Na daɗe zaune. Na ce a raina, Kawu, ka tafi ka bar ni da wannan? Na rufe takardar, na buɗe. Har na ɗora biro zan rubuta biyu. Sai na tuna yadda yake yi in rubutu ya shige masa duhu, ba ya yanke hukunci a zaune, sai ya tashi ya je bakin ƙofa ya ɗaga takarda sama. Na tashi na je. Ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan fito. Na ɗaga ta, haske ya ratsa. Bakwai ce, har da ɗan sandan da take ja mata a tsakiya yadda ya koya musu. Na koma na rubuta uku, na zagaye shi. Ya fito sarai.

Ranar sakamako gindin mangwaro ya cika fiye da kullum, har waɗanda suka kwashe 'ya'yansu sun zo ganin yadda za ta kaya. Dada na can baya ita kaɗai, tsaye da ƙwaryarta. Na karanto daga ƙasa yadda yake yi. Da na zo ta biyu na kira sunan 'yar cikina. Sannan na kira ta ɗaya. Wuri ya ɗauki gunaguni. Mai hatsin nan ya girgiza kai ya ce da ƙarfi, "Tabɗi! Ashe Malam bai mutu ba." Ban sani ba ko yabo yake ko ƙorafi, ni dai ban taɓa jin maganar da ta faranta mini rai kamarta ba. Dada ta matso tana tambayar na kusa da ita, "Ta ci? Ta ci?" Wata mata ta ce mata ta ci, ta kuma matsa mata wuri a tabarma.

Muna isa gida 'yata ta tare ni. Ta ce in nuna mata takardar. Na ba ta. Ba wanda ya ce mata komai, ta je bakin ƙofa ta ɗaga sama, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Bakwai ce." Sannan ta faɗo jikina ta yi kuka mai isarta, ni ma na taya ta. Da ta share ido ta ce in nemo mata littafin lissafi na aji shida, za ta fara tun cikin hutu. Ranar na san ban yi asarar tarbiyyar Kawu ba, kuma na yi alfahari da ita fiye da a ce ta zo ta ɗaya.

Mun yi addu'ar arba'in makon jiya. Hanya ta ɗan lafa, ba mu sani ba ko za ta ɗore, Allah dai Ya sa. Rugar su Dada ta dawo kusa. Ranar Litinin da aka koma makaranta, ina tsaye bakin aji shida sai ga su, tsohuwa a gaba, yarinya a baya, ta yi tsawo har rigar makarantar ta ɗage mata. Wasu daga cikin yaran da aka kwashe ma sun dawo, mai hatsi da kansa ya rako nasa. Dada ta kwance tsumma ta miƙo mini agogon. Ta ce, "Karɓi ƙarfenku. Na gaji da kukansa." Ta juya da sauri don kada in ga idonta.

Yarinyar ta gaishe ni a durƙushe, ta yi mini ta'aziyya da Hausar da ta fi tawa tsabta. Ba ta tambayi kowa inda za ta zauna ba. Ta wuce gefen taga. 'Yata ta bi ta da kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Ki zauna da kyau, don wannan zangon sai kin tashi." Ita kuma ta ce, "Bismilla, jarrabawa na zuwa." Suka ɓoye dariya a hijabi.

Na ɗora agogon a teburin Kawu, na buɗe rajista, na kira suna na farko. Shekara guda yana kiran sunan nan yana jira. Ta ce, "Na'am, Malama." Na sa mata alama, na kira na biyu.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare Ka. Ka yalwata masa kabari, Ka haɗa shi da iyayensa da maigidana a gidan rahama. Bai ji wannan amsar da kunnensa ba, lokaci ya cika masa kafin ya kai ƙarshen aikin. Mu shaida ne ya bi hanya daidai tun daga layin farko. Ka ba shi ladanta cikakke.